Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Al'adu Kan Kusheyin Duwatsu Na Abzin Da Tenere

Zuwa ga Mai Girma Ministan da ke kula da al'adu da kayan tarihi na Jamhuriyar Nijar, Yamai. Kwafi ga Gwamnan jahar Agadas da Mai Martaba Sarkin Abzin.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ni tsohon malamin makaranta ne. Na koyar da tarihi da labarin ƙasa a garuruwan jahar Agadas har na ajiye alli. Na san yadda ake rubuta takarda da Faransanci a miƙa wa sakatare, amma da gangan na bar wannan hanya na rubuto da Hausa a bainar jama'a. Maganar ta shafe ka, ta kuma shafi direban da ke kai kaya Jado, da saurayin da ke yawo da na'urar neman zinariya a kafaɗa, da limamin da suke bi sallar Juma'a. Ina so su ji abin da na faɗa maka, su kuma ji amsar da za ka bayar.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ɗan ayari ne. Ya yi shekaru yana kai gero Fashi da Bilma yana dawowa da kantu da dabino. Ina yaro ya taɓa tafiya da ni wani yanki na hanyar, cikin duwatsun Abzin. Wata safiya muka hau wani tudu da ke kallon ƙorama, sai ga tsibin baƙaƙen duwatsu guda bakwai a jere, wasu sun kai ƙirjin babban mutum, wasu sun baje kamar masussuka. Na sheƙa zan hau ɗaya, ya daka mini tsawa. Ya ce kusheyin mutanen da ne, ba a taka su, ba a ɗaukar dutsensu ko na murhu ne. Ya karkata akalar raƙumi muka zagaye. Bai san ko su wane ne kwance a ciki ba, abin da ya sani shi ne mutane ne, kuma hakan ya ishe shi. Bara na sake bi ta wurin a mota. Uku daga cikin bakwai ɗin an farke cikinsu, an watsar da duwatsun gefe, ga rami a tsakiya, ga gutsattsarin ƙashi sun yi fari fat a rana, ga sawun taya har gindin tudun. Ayari nawa ya wuce ta nan ba wanda ya miƙa hannu, sai a zamanina aka tone su. Tun ranar nake juya wasiƙar nan a zuci.

Abzinawa suna kiran irin wannan kabari adebni, in suna da yawa idebnan. Suna nan birjik daga Azawak zuwa Abzin, daga bakin Tenere zuwa Jado, har sun tsallaka iyaka zuwa Aljeriya da Libiya da Mali da Cadi. Baƙo zai ɗauka duk iri ɗaya ne. Wanda ya saba kallonsu ya san akwai tsibi zalla, akwai mai kwarmi a ka, akwai wanda aka daɓe a zagaye aka tsara gefensa kamar bakin rijiya, akwai wanda aka yi wa hannuwa biyu masu lanƙwasa kamar jinjirin wata. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne wanda aka zagaye da da'irar duwatsu aka bar siririyar hanya tana shigowa daga wajen gabas, in ka hango shi daga kan dutse sai ka ce kafar makulli. Wani masani Bafaranshe, François Paris, ya shafe shekaru yana bin kaburburan nan a arewacin ƙasarmu, ya fitar da sakamakon aikinsa a 1996. Masu siffar kafar makulli da ya bincika a Emi Lulu, can ƙurewar arewacin Tenere, an auna shekarun wasunsu sun haura 5,000. Ke nan ranar da aka aza harsashin manyan dalolin Giza na Masar, waɗannan kusheyi sun riga sun tsufa.

To me ke ciki? Wannan tambayar ita ce gindin maganar duka. Yawanci mutum ɗaya ne, kwance ta gefe, an naɗe masa ƙafafu zuwa ƙirji kamar ɗa a cikin uwa. Wani lokaci a samu 'yan duwatsun wuya na ɓawon ƙwan jimina ko na dutse, ko munduwa, ko tukunyar ƙasa. Sau da yawa ba komai sai ƙashi, shi ma ya rube ya zama kamar gari. A wajen Adrar Bus an ɗaga wasu tsibin aka tarar ba mutum a ƙasa, ƙasusuwan shanu ne aka binne aka tara musu duwatsu, fiye da shekara 6,000 da suka wuce. Duk wanda ya zauna da makiyayi ya san matsayin saniya a ransa zai gane abin da hakan ke nufi. Wurin da yau ba ka ganin ko tsinken ciyawa, akwai lokacin da garken shanu ke kiwo a kansa, masu su kuma suna girmama su har su yi musu kushewa.

Gobero ta ƙara bayyana mana wannan tsohuwar duniya. A shekarar 2000 ayarin Paul Sereno na Jami'ar Shikago yana neman ƙasusuwan manyan dabbobin da suka ƙare a gabashin Agadas, sai ya ci karo da maƙabarta a bakin wani tafki da ya ƙafe tun tuni. Kaburbura wajen 200 ne, na al'umma biyu da ba su taɓa haɗuwa ba. Na farko dogaye ne ƙarfafa, masunta da mafarauta, sun zauna wurin daga kimanin shekara 7700 zuwa 6200 kafin haihuwar Annabi Isa, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Fari ya kore su, wurin ya zama kufai kusan shekara dubu. Ruwa ya dawo, wasu mutane sirara suka zo suka zauna daga kimanin 5200 zuwa 2500. A cikin ƙasar wurin akwai ƙashin giwan ruwa da na kada da na dorina. An sami yarinya da munduwar haƙorin dorina a damtse. An sami mace da yara biyu a kabari ɗaya, suna fuskantar juna, hannuwansu a sarƙe, kuma ƙurar furanni da aka gano a ƙarƙashinsu ta nuna a kan fure aka kwantar da su. Duk lokacin da na ba ɗalibaina wannan labari aji yakan yi tsit. Na Gobero a cikin rairayi aka haƙa su, babu tsibin duwatsu a kansu, shi ya sa iska ke tone su tana ci. Na tsibi kuwa duwatsun sun zame musu rufi, sun tsare su dubban shekaru daga iska da kura. Hannun ɗan Adam kaɗai ke iya buɗe su.

Ranka ya daɗe, ka ba ni dama in ɗan yi aikin da na saba na malanta, don a gane girman asarar. Mutanen nan ba su bar mana littafi ba. Abin da za mu sani game da su yana cikin yadda kowane abu yake kwance a inda aka ajiye shi. Da ɗan guntun ƙashi ake auna sinadarin kabon 14 a san lokacin da mutum ya mutu, kuma da yake zafin hamada yana cinye sashen ƙashin da aka saba aunawa, a kan kaburburanmu na nan masana suka gwada hanyar aunawa da ma'adinin ƙashin kansa. Haƙori yana riƙe da alamar ruwa da ƙasar da mutum ya girma a kai, har a gane ɗan wurin ne ko baƙo. Ƙashin baya da na gwiwa suna nuna irin wahalar da ya sha da ciwon da ya ɗauka. Kwanciyar gawa ita ma magana ce: daga lokacin da aka bar naɗe mamaci aka koma miƙe shi a kan hannun dama yana fuskantar alƙibla, ana iya bin sawun shigowar Musulunci kwari bayan kwari. A Iwelen, kusa da dutsen Girebun, Jean-Pierre Roset da abokan aikinsa sun haɗa abu uku a wuri ɗaya: kufan gari, da kusheyi, da zane a jikin duwatsu na mutane riƙe da masu, har da keken doki. A cikin kufan suka tsinci kawunan masu na jan ƙarfe iri ɗaya da waɗanda aka zana, na cikin shekara dubun ƙarshe kafin Annabi Isa. Da wani ya riga su da shebur ya kwashe kan mashin ya sayar, da ba wanda zai taɓa haɗa zanen da masu zanen. Kabarin da aka tone barkatai kamar allo ne da aka wanke kafin a haddace karatun. Allon yana nan, rubutun ya tafi, kuma babu malamin da zai sake rubuta shi.

Masu tonon nan ba mahaukata ba ne, ba kuma miyagu ba ne duka. Wasunsu na koyar da su a aji. Tun da yawon buɗe ido ya mutu bayan tawayen 2007, 'yan jagora da direbobi da maƙera da masu dafa wa baƙi abinci suka rasa abin yi. Da zinariya ta fito a Jado a watan Afrilun 2014, ta kuma fito a Cibarakaten cikin wannan shekarar, dubban samari suka bazama cikin daji da na'ura. Wanda ya sayar da akuyar uwarsa ya sayi man mota, ya yi wata biyu bai ga ko ƙwaya ba, in ya hango tsibin duwatsu da hannu ya tara a tsakiyar daji, zuciyarsa za ta raya masa cewa ba banza aka tara su ba. Ga kuma labarin da ke yawo tun zamanin kakanni cewa mutanen da suna binne dukiya. Labarin yana da ɗan tushe, don a 1925 an buɗe kabarin da ake dangantawa da Tin Hinan, sarauniyar da Abzinawan can ke ɗauka kakarsu, a Abalesa ta ƙasar Aljeriya aka sami mundayen zinariya da na azurfa a hannuwanta. Amma wannan babban gini ne mai ɗakuna, na wajen ƙarni na 4 bayan Annabi Isa, kuma shahararsa ta zo ne daga rashin irinsa. Mutanen Emi Lulu da na Adrar Bus ba su san ƙarfe ba sam, balle zinariya. Saurayin da ya kwana uku yana ɗaga duwatsu ya yi asarar guminsa da ruwansa, ƙasa ta yi asarar abin da ba ya dawowa, ba wanda ya ci riba.

Abin da ya faru a Sudan ya isa gargaɗi. A 2020 masu binciken tarihi suka je Jabal Maraga, wani wuri na zamanin daular Marawi a arewa da Khartum, suka tarar masu neman zinariya sun kawo motocin haƙa biyu sun yi rami mai zurfin mita 17. Wurin mai shekara wajen 2,000 ya shafe ƙaf. Na'urarsu kuwa kukan da take yi ba na zinariya ba ne, wani ma'adini ne mai ƙarfe a jikin dutsen wurin. Irin waɗannan na'urori da irin waɗannan motoci suna nan a dajinmu yau.

Kada kuma a ɗora wa 'yan zinariya laifin duka. Na ga babbar mota tana lodin duwatsun kushewa don harsashin gida, saboda an riga an tara su wuri ɗaya, sun fi sauƙin ɗiba. Na ga inda katafila ta share hanya ta bi ta kan tsibi, mai tuƙin bai ma san abin da ya taka ba. A zamanin da baƙi ke zuwa kuma, mu da kanmu muka riƙa tsintar kan kibiya na dutse da dutsen niƙa da gatarin aradu muna shimfiɗawa a tabarma muna sayar musu, kowa yana gani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon nan ya daɗe da tsagewa.

Ƙasarmu ta taɓa shan irin wannan ɗaci a yamma. A 1975 aka gano maƙabartar Bura a yankin Tera, a 1983 marigayi Bube Gado na cibiyar bincike ta IRSH ta Jami'ar Yamai ya tona ta bisa ƙa'ida, ya fito da ɗaruruwan tulunan binne mamata da mutum-mutumin mahayin doki da duniya ta yi sha'awa. Da aka baje kolin kayan a Faransa a 1993, 'yan kasuwar kayan tarihi suka farga, kuɗi suka shigo ƙauyuka, aka bi maƙabartun yankin ana tonewa dare da rana. A shekarar 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Bura cikin jerin waɗanda ake gargaɗin kada a saya don yawancinsu na sata ne. Yau tulunan suna ɗakunan attajirai a Turai da Amurka, mu kuma ba mu san daga wane rami kowanne ya fito ba. A Bura akwai abin sayarwa shi ya sa aka tone. A Abzin babu ma abin sayarwar, jita-jita kawai ke cinye mana kusheyi.

Doka kam muna da ita. Doka mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga Yunin 1997 ta tanadi kare kayan tarihin ƙasa, ta hana tono sai da izinin hukuma, ta hana fitar da kaya waje ba izini. Tun 1972 Nijar ta shiga yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kan hana fataucin kayan tarihi, tana cikin ƙasashen farko da suka shiga. Gandun Abzin da Tenere, mai faɗin hekta miliyan 7.7, yana cikin jerin wuraren gado na duniya tun 1991, yana kuma cikin jerin waɗanda ke fuskantar haɗari tun 1992. Sai dai an sa shi ne saboda namun daji da tsirrai da kyawun ƙasa. Kusheyi da zanen duwatsu da ke cikinsa ba su ne dalilin shigarsa ba, kuma da yawa daga cikin kusheyin suna wajen iyakar gandun gaba ɗaya. Senegal da Gambiya sun shigar da da'irorin duwatsunsu na maƙabarta a 2006, Bahrain ta shigar da tuddan kaburburanta a 2019. Namu sun girmi duka biyun. Tsohon garin Agadas ya shiga jerin a 2013, mun yi murna, mun ga yadda aka fara kula da hasumiyar masallaci da tsofaffin unguwanni. Ina roƙon ma'aikatarka ta fara shirin neman a amince da gadon tarihi na Abzin da Tenere kamar yadda aka amince da na halittunsa.

Amma kafin a je ga UNESCO akwai aikin gida, kuma a kansa na fi matsawa. Abin da ba a ƙirga ba, ba a san ya ɓata ba. Jandarma ba zai kama mutum kan kabarin da babu shi a kowace takarda ba, alƙali ma ba zai hukunta ba. A yi rajistar kusheyin nan, kwari bayan kwari: inda yake, siffarsa, faɗinsa, hotonsa, lafiyarsa ƙalau ko an taɓa shi. Wannan aiki ba ya bukatar a ɗaga dutse ko ɗaya. Wayar hannu ta yau tana ɗaukar hoto tana nuna wuri daidai, kuma manyan kusheyin ana ganinsu a hotunan tauraron ɗan Adam daga cikin ofis. Muna da Jami'ar Agadas tun 2014, muna da IRSH, muna da ɗalibai da suka gama karatu suna zaune. Muna da tsofaffin 'yan jagora da makiyaya waɗanda suka san kowane tudu da sunansa, kuma suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya da saninsu a ka. A haɗa ɗalibi da tsoho a mota ɗaya. Rajistar kuma ta zauna a hannun hukuma, kada a baza ta a intanet ta zama taswirar ɓarayi.

Ba sabon abu nake kawowa ba. Daga 1977 zuwa 1981, lokacin da neman yuraniyom ya doshi yankin Ingal da Tegidda, an yi shirin binciken gaggawa, masana na gida da na waje suka bi yankin suka rubuta kufai da kusheyi da wuraren narkar da jan ƙarfe kafin injuna su iso. Yawancin abin da muke koyarwa kan kufan garin Azelik, wadda masana da dama ke ganin ita ce Takadda da Ibn Battuta ya ziyarta a 1353, daga irin wannan aiki ya fito. Abin da aka iya a wancan lokaci da takarda da fensir bai kamata ya gagare mu yau ba. Duk kamfanin da za a ba izinin haƙar ma'adini ko kwangilar hanya ko shimfiɗa bututu a arewa, a rubuta masa cikin takardar izinin cewa sai an zagaya filin an duba tukuna, kuma shi zai biya kuɗin dubawar. Wannan sai ka zauna da takwaranka na ma'adinai da na ayyuka, don takardun daga ofisoshinsu suke fita. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Maganar tsaro kuwa, na san ba za a sa soja a kan kowane tsibi ba, ƙasar ta yi faɗi, sojan kuma yana da abin da ya fi ƙarfinsa. Amma a Dabus, arewa da Agadas a kan hanyar Arlit, inda aka sassaƙa raƙuman dawa a jikin dutse, babban ya haura mita 5, an gwada wata dabara ta yi aiki. Bayan an ɗauki kwafin zanen a 1999, aka haƙa rijiya kusa, aka ɗora wa mutanen wurin amanar gadi da raka baƙi. Mai kiwo a kwarin ya fi kowa sanin motar da ta shigo jiya da inda ta nufa. A ba shi ɗan alawus da waya da takardar shaida, a gaya masa wanda zai kira, kuma in ya kira a zo. A koya wa jami'an duwan da jandarma da na gandun daji kamannin kayan nan, don wanda bai san gatarin dutse ba zai ɗauka tsakuwa ce a cikin buhu. A sa darasin a makarantu, a yi shirye-shirye a gidajen rediyon karkara da Hausa da Tamajak da Tubanci da Fulatanci da Larabci, a faɗa a taron Ingal da na Iferwan inda makiyaya ke haɗuwa. Saƙon farko da zan so kowane saurayi ya ji da harshen uwarsa shi ne babu zinariya a ciki.

Allah ya ja zamanin Sarki, a nan maganar ta dawo fadarka da zauren malamai. Tsawar da mahaifina ya daka mini ita ta tsare kusheyin nan tsawon zamani, ba takardar gwamnati ba, kuma wannan tsawar ce ta yi rauni. Na ji samari suna cewa ai kaburburan arna ne, abin da ke ciki rikazi ne, halal ne a ɗauka a fitar da humusi. Hukuncin rikazi na malamai ne, ba zan shiga gonarsu ba. Abin da nake roƙo su duba shi ne a nan babu dukiyar da za a kira rikazi, ƙashin ɗan Adam ne kawai ake watsarwa a rana. Allah ya ce ya girmama 'yan Adam, a cikin Suratul Isra'i. A Suratur Rum ya umarce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance, to da me za mu duba in mun share sawunsu? Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa an wuce da gawar Bayahude Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya miƙe tsaye, da aka yi masa magana ya nuna cewa ita ma rai ce. Huɗuba ɗaya a masallatan wuraren haƙar zinariya za ta kai inda motar jandarma ba ta kaiwa. Ina roƙon Mai Martaba ya tara tambura da hakimai da limamai a kan wannan. Mu Hausawa ma kada mu ɗauka abin na wasu ne, don tarihin Gobirawa da kansa yana cewa a Abzin suka zauna kafin su gangaro kudu.

Akwai tambayar da wani tsohon ɗalibina ya yi mini, kuma tana da nauyi. Ya ce, Malam, in Bature ya tona a ce bincike, in ni na tona a ce sata? Na ce masa bambancin yana cikin izini, da rubuta kowane taki, da tona ɗaya a bar ɗari, da ajiye abin da aka samu a inda ɗan ƙasa zai gani. Amma na yarda yana da gaskiya a wani gefe, don an sha ɗaukar ƙasusuwa da kaya a tafi da su waje da sunan nazari, mutanen wurin ba su sake jin labari ba. Ma'aikatarka ta riƙe lissafin duk abin da ya fita da izini da ranar dawowarsa. 'Yan uwanmu na Katsina sun ga misali mai kyau: tuddan Durbi ta Kusheyi da aka tona a 1992, na sarakunan tsakanin ƙarni na 13 da na 16, an kai kayansu birnin Mainz na Jamus an gyara an yi nazari, aka mayar da su Najeriya a 2014. Duk tonon da za a yi nan gaba a sa 'ya'yanmu a gaba, a gaya wa mutanen kwarin abin da aka gano da harshensu, ƙashin da aka gama aunawa kuma a mayar da shi makwancinsa a rufe. Agadas ta cancanci gidan tarihi na gaske, don yaron Timiya ko Tabelot ba zai iya zuwa gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai ya ga kayan ƙasarsu ba.

Ranka ya daɗe, za ka lura ban faɗi sunan tudun da na ba da labarinsa ba, ko ƙoramar da yake kallo. Wasiƙar nan kowa zai karanta, kuma tsibi huɗu suna nan ba a taɓa su ba. Ranar da na je, ni da direban muka tattara ƙasusuwan da muka iya gani muka mayar cikin ramukan, muka rufe da ƙasa, muka aza duwatsu gwargwadon ƙarfinmu. Na rubuta wurin a littafina da wasu wurare goma sha ɗaya da na sani. Duk jami'in da ka turo da takardar ma'aikata zan miƙa masa littafin, in kuma Allah ya ba ni lafiya in shiga mota in kai shi da kaina. A nemi tsohon malamin tarihi ta hannun fadar Mai Martaba, za a same ni.

Allah ya taimake ka a kan amanar da ke wuyanka.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin makaranta, Agadas.